Haƙorin da Nake Yanke Zare da Shi

Tun ina koyon ɗinki a Gwallaga ban saba yanke zare da almakashi ba. Maigidana da haƙori yake yi, ni ma haka na tashi. In ɗinki ya kai ƙarshe sai in sunkuya, in ɗora zaren a haƙorin gaba na ƙasa, ƙas, an wuce wurin.

Goro kuwa ba ya barin bakina, saboda haka jan yawu bai taɓa damuna ba. Sai wani azumi, ana rububin kayan Sallah, da rana tsaka na ciji zare a wuyan wata farar shadda. Na ɗago na ga ja a jikinta, alhali rabona da goro tun sahur. Na taɓa haƙorin da harshe, ya motsa.

Zuciyata ba ta je ko'ina ba sai shagon da ke jikin nawa. Tela ne shi ma, kuma ya daɗe yana miƙo mini goro kowace safiya. Mutumin da muke neman kasuwa ɗaya, me ya haɗa shi da ciyar da ni? Na leƙa na ce, "Malam, goron nan naka a ina kake sayo shi? Ga haƙorina yana motsi."

Ya dube ni ya kwashe da dariya. "Haba mutumina! In sammu zan yi maka, ai keken zan yi wa. Wa zai ɓata magani a kan haƙori ɗaya?"

Dariyar ta yi mini yawa. Ban yarda ba.

Akwai wata nas, 'yar kudancin jiha, da ke haya a layinmu. Ta kawo gyaran riga na ba ta labari. Ta ce, "Baba tela, ba mutum ba ne, bakinka ne. Tun bara nake jin wari in ka gaishe ni, kunya ta hana ni faɗa." Ita ma na sa mata ido, don mai aikin asibiti ba ta rasa tura mutum asibiti. Amma haƙorin ya ci gaba da girgiɗa, bayan Sallah na tafi.

Kafin a ce in buɗe baki sai da aka ɗora ni a sikeli, aka zagaya tumbina da tef. Ni da nake auna mutane! Na ce, "Likita, haƙori na kawo, kuna auna ni kamar ragon layya."

Yaro ne, bai kai ƙanena ba. Ya ce, "Yi haƙuri Baba. Kana shan taba?"

"In aiki ya yi yawa."

"Lemon kwalba fa?"

"Da me zan kora burodi?"

"Karatu ina ka tsaya? A gidanku an taɓa kai wani a duba masa haƙori?"

Na ce a raina, so yake ya gane ban yi boko ba, ya zare mini haƙora ya sayar mini da na roba. Na faɗa masa haka a fuskarsa.

Bai ji haushi ba. Ya ce ciwon ba a haƙorin yake ba, a dasashi ne, kuma ya daɗe yana jini, goro ne ya rufe. Ya ce, "Ban ce tumbinka ne ya girgiɗa shi ba. Amma ƙiba da suga da taba, sau da yawa tare muke ganinsu da wannan. Wanda kuma ya tashi inda ba a zuwa asibiti sai an kasa barci, a makare yake zuwa mana." Aka ɗebi jinina, suga ya ɗan hau. Ya kankare mini haƙoran sai da na yi hawaye.

Na ce, "Za ka cire shi?"

"Zan bar maka. In ka sake cizon zare, da kansa zai fita."

Yanzu almakashi ne rataye a wuyana da igiya. Taba na bari, lemo muna ta fama, tumbin bai je ko'ina ba. Maƙwabcina in ya gan ni sai ya ce, "Ga ango da sarƙa!" Har yau ba na karɓar goronsa. Wani lokaci kaina yakan sunkuya da kansa a ƙarshen ɗinki, sai in tsaya, in laluba igiyar. Haƙorin yana nan, yana ɗan motsi.