Ranar da Kotu Ta Kira Mai Awara

Shekara talatin da ɗaya Tokie Kuroiwa ta yi tana sayar da awara a wani lungu na garin Yamagata, ita da mijinta Shozo. Shi ke niƙa waken suya, ita ke tacewa da yankawa. Ba ta taɓa taka ƙofar kotu ba sai da takarda ta zo cewa ƙuri'a ta faɗo kanta: za ta zauna da alƙalai uku da wasu mutanen gari biyar su yanke wata shari'a.

"To fa, ranki ya daɗe!" in ji Shozo. "Ke da ko kyankyaso kika gani sai kin ƙwala mini kira, yau ke ce alƙali?"

"Rufe mini baki, Baban yara. Ka dai kula da tukunya kada madarar ta kama."

Shari'ar wani direba ce mai suna Eguchi, wanda ya cinna wa gidan tsohon ubangidansa wuta, ubangidan da matarsa suka mutu a ciki. Lauyan gwamnati ya nemi a rataye shi. Kwana tara Tokie tana saurare, amma abin da ya tsaya mata a rai 'ya'yan mamatan ne. Babbar ta miƙe ta ce, "Ku kashe shi, ko hankalina ya kwanta." Ƙanenta kuwa cewa ya yi, "In kun rataye shi ai ya huta. Ku bar shi ya tsufa yana tunawa." Tokie ta dubi wannan ta dubi wancan, ta rasa wanda za ta ƙi bai wa gaskiya.

Ɗaurin rai-da-rai aka yanke. Doka ta hana ta faɗin ɓangaren da ta goya wa baya, har abada. Shozo ya yi ta lallaɓa ta.

"Haba, ni fa mijinki ne, ba ɗan jarida ba."

"Shi ya sa. Ɗan jarida ma ya fi ka riƙe magana."

Duk ranar da aka sanar an rataye wani, masu sayen awara sukan kaure da musu a bakin shagon. Rannan wani dattijo ya dage cewa igiya kaɗai ke tsorata mugu. Tana ƙulle masa leda ta ce, "Eguchi dai a kotu, a gaban kowa, ya ce lokacin da ya ɗauki galan ɗin fetur bai tuna igiya ba, bai tuna kurkuku ba. Ban san na wasu ba. Guda nawa ka ce?"

Yanzu ta haura saba'in, gwiwa ta fara ciwo, ta sakar wa surukarta, matar ɗanta, rabin aikin. Ranar Laraba takan bi ƙawayenta wanka a maɓuɓɓugar ruwan zafi, su ci taliya, su yi da mazajensu, ta dawo da annuri a fuska.