Akwatin da na ɗauke daga bayan kabad

Abin da na fara lura da shi ranar da na shiga ɗakin kwamfuta na sabuwar makarantarmu a Karu shi ne wata ƙara ƙasa-ƙasa da ke fitowa daga bayan kabad. Shekarata goma sha biyar a lokacin, mun taso daga Zariya saboda Baba ya buɗe shagon tayil a Dei-Dei. Ni ba mai magana ba ce, sai dai kallo. Shi ya sa ba a jima ba aka ba ni kula da tsabtar ɗakin.

Ranar sharar ƙarshen zango na ja kabad ɗin, na tarar da wani tsohon akwatin kwamfuta, ba allo, ba madannai, ƙura ta toshe fankarsa. Na ɗauka tarkace ne da ke shan wuta a banza. Malamin kwamfuta, wani mutumin Filato mai yawan raha da ke kirana Hajiya Shiru, yana ofis ba nisa, amma kunya ta hana ni tambayarsa. Na zare wayoyin, na kai akwatin sito, na tura shi ƙarƙashin karyayyun kujeru. Aka dawo hutu, komai na aiki, har na manta.

Bayan wata shida wasu jami'ai suka zo duba ko ɗakin ya cancanci a riƙa zana jarrabawa a ciki. Aka kunna kwamfutocin, sai jan layi ya bayyana a saman kowane allo, da sanarwar cewa manhajar da ke kansu ba ta da lasisi. Ina tsaye da tsumma a hannu Malam ya ja kabad ya ga wayam.

Da baƙin suka tafi, mai makarantar ya tsare shi a gabanmu. Malam ya ce ai oga ya sani, shi ya ce a yi dabara tunda ba za a sayi lasisi ba. A kan akwatin nan da ya ɓace ne shi Malam ya ɗora wata manhaja ta kyauta da masana suka rubuta suka sake wa kowa, wadda ke kwaikwayon uwar garken kamfani, wato babbar kwamfutar masu ba da lasisin. Kwamfutocin kan tambaye ta izini, ita kuma ta amsa musu, kuma kowace amsa wata shida take yi. Mai makarantar ya ce shi bai san wannan turancin ba, abin da ya sani shi ne kwamfuta ta yi ƙafa, kuma Malam ne mai makulli. Ya tambaye shi ko a wace kasuwa ya kai ta. Malam ya yi murmushi, ya ce wa zai sayi wannan gawar. A ranar aka sallame shi da sunan ɓarawo. Ni kuwa na sunkuya na ci gaba da goge tebura.

Sati biyu ina wuce ƙofar sito ina sauke kai. Yanzu na san dabarar da suka yi ba daidai ba ce, kuma duk mai makarantar da ya dogara da ita ya sani wata rana za ta tona shi. Amma satar da aka ɗora wa Malam shiruna ne ya jawo ta. 'Yan'uwana masu kunya, ku tambaya kafin ku taɓa abin da ba ku sani ba, in kuma kun taɓa ku faɗa da wuri.

Da na kasa jurewa, na rubuta komai a takarda na miƙa wa shugabar makaranta, matar da mai makarantar ya ɗora a kan malamai. Ta karanta, ta dube ni ta saman tabarau, ta ce Malam ya riga ya koma Jos, me nake so ta yi yanzu. Na ce, Mama, don Allah ki kira shi a gabana, ki ba ni wayar in faɗa masa da bakina.