Ƙafafun Mainasara Mai Faskare

A Tudun Wada, in ka ji gatari yana faɗa wa kututture tun kafin masu koko su gama damu, ba sai ka tambaya ba, Mainasara ne. Faskare ya gada, faskare ya iya. Motocin itace su zube guma-gumai a bakin tasha, shi kuma ya tuɓe riga ya bi su da sara har su zama itacen girki. Sana'ar ta saka masa da alheri: ƙirji kamar ƙyauren zaure, damatsa kamar an cusa masa gwanda a ƙarƙashin fata. In ya ɗaga hannu zai kori ƙuda, sai ka ga mutane suna matsawa.

Wajen shekarar 1988 samarin garin suka kamo wani sabon yayi, wato ɗaga ƙarfe. Hoton wasu ƙarti suka gani a jikin kalanda, kowanne ya murɗe kamar igiyar rijiya, suka ce su ma ai ba daga sama waɗancan suka faɗo ba. Aka tara manyan gwangwanaye aka cika su da siminti, aka zura sandar ƙarfen tsohuwar mota, aka kafa fage a bayan shagon Umaru mai aski. Ranar da Mainasara ya leƙa, abin da samari biyu ke nishi a kansa ya ɗauka da hannu ɗaya, yana tambaya ko wannan ne na yara.

Umarun nan taubashinsa ne, ɗan kawunsa, kuma tun suna ƙanana ba ya ganin Mainasara ya bar shi ya sha ruwa. A shagonsa ne ake da babban madubi guda ɗaya tilo a unguwar, wanda aka ɓalle daga jikin wata tsohuwar kabad aka rataye can sama saboda kan masu aski. Duk wanda ya tsaya gabansa, daga cibiya zuwa sama yake ganin kansa. Nan Mainasara ke tsayawa kullum da la'asar, ya murɗa wannan hannu, ya murɗa wancan, ya ce alhamdulillahi. Ƙasan cibiya kuwa yana cikin wando mai faɗi, ba wanda ya taɓa tambayar lafiyarsa, har mai shi.

Da aka ce za a yi gasar ƙirar jiki a Bebeji ranar kasuwa, da alƙalai daga Kano, garin bai ma tsaya shawara ba. Aka cika bas aka raka shi. Dokar gasar biyu ce: ba allura ba ƙwaya, jikin da tuwo da aiki suka gina shi ake so, sannan kowa zai hau dandamali da gajeren wando. Dandamalin bayan wata gingimari ne da aka zare wa katako. Mainasara ya shafe jiki da man gyaɗa har yana ƙyalli, ya tuɓe riga, filin ya ɗauki sowa. Sannan ya tuɓe dogon wando.

Sowar ta tsaya cak.

Ƙafafun da suka fito sirara ne, dogaye, kamar karan dawar da fari ya kama. Mainasara ya bi idon jama'a ya duba ƙasa, shi ma ya yi musu kallon baƙi. Babban alƙalin, wani gajeren mutum mai usur a wuya, ya zagaya shi a hankali, ya ce, "Malam, daga cibiya zuwa sama kai ne na ɗaya a filin nan. Daga cibiya zuwa ƙasa kuwa, ka mayar wa mai su."

Wani ɗan garuwa daga Kiru ne ya ci. Mainasara ya zo na kusa da ƙarshe, wanda ke bayansa ma zazzaɓi yake yi. A cikin bas, ana dawowa shiru kamar daga jana'iza, Umaru ya leƙa taga ya hango tsuntsu tsaye a bakin fadama kan ƙafa ɗaya.

"Direba, tsaya! Mun bar ɗan'uwan bawana a hanya. Zalɓe, ba za ka sauka ku gaisa ba?"

Kafin bas ta iso tasha sunan ya riga ta isa. Mata masu sayen itace suka koma aike da cewa a karɓo wurin Zalɓe. Mai shayi ya ce, "Zalɓe, da madara ko baƙi?" Har liman, ranar wani ɗaurin aure, ya buɗe baki ya ce "Malam Zal…" sannan ya kama tari. Mainasara ya ga in bai yi da gaske ba, da wannan sunan za a kira 'ya'yansa. Ya yi rantsuwa gaban Umaru cewa gasar baɗi ita za ta binne sunan.

Wani mai tallan magani a tasha ya jawo shi gefe ya nuna masa ƙwayar ƙiba, ya ce mako biyu ya isa. Mainasara ya kai zancen gida wurin matarsa Barakatu, tana tankaɗe.

"Maigida, ai ka ce an hana. Kuma in ka haɗiye ta, wa zai gaya mata ƙafa ake nufi? Ka tashi da kumatu kamar alkaki, ƙafar tana nan yadda take."

"To ya zan yi? Na yi tsallen kwaɗo har gwiwa ta fara ƙara."

Barakatu ta dubi madafinta da damina ta cinye wa gindi, ta dubi mijinta, ta sake duban madafin.

"Ka taɓa lura da sha-raɓar Habu magini? Kamar tulu. Ba ƙarfe yake ɗagawa ba, ƙasa yake takawa."

Washegari aka tona rami a tsakar gida, aka zuba jar ƙasa da ruwa da ramno, wato ciyawar da ake cuɗa ƙasar gini da ita. Mainasara ya naɗe wando zuwa gwiwa ya shiga. Duk wanda ya taɓa cuɗa ƙasar gini ya san ba ta sakin ƙafa da daɗin rai. Ka danna ta riƙe, ka ja ta ja. Kafin azahar cinyoyinsa na rawa, da dare da rarrafe ya hau gado, yana murna. Barakatu ta samu sabon madafi, ta ƙara da akurkin kaji, don kada motsa jikin ya yanke.

Labari ya fita cewa akwai ƙaton da ke taka ƙasa kyauta, har yana godiya. A ranin nan sai ga shi duk katangar Tudun Wada ta kamu da ciwo. Wanda shekara da shekaru yake fama da zana ya tuna yana son gini. Su zo da fuskar tausayi su ce, "Mun ji ana neman inda za a gyara ƙafa, to ga ƙasarmu nan, mun ba ka aro." Mainasara ya bi gida-gida. In ya gama takawa ya ɗauki ƙasar a kwando ya hau tsani da ita, ya sauko, ya sake hawa. Saude, wata Bafulatana da ke kawo nono daga wajen Falgore, ta ware masa ƙwaryar kindirmo kullum, tana cewa ko maraƙinta bai kai shi sha ba. Ya haɗa da wake da ƙuli-ƙuli da dafaffen ƙwai, har kajin sabon akurki suka fara kallonsa da zargi.

Gida ɗaya ne ya taka da sanyin jiki, gidan surukinsa Baba Idi, mahaifin Barakatu. Tun da ya auri 'yar dattijon bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba, in ya hango shi a hanya tun daga nesa yake cire takalmi ya tsuguna. Don haka sai ya bari tsohon ya tafi masallaci ko kasuwa sannan ya naɗe wando ya faɗa ramin. Katanga ta tashi, Baba Idi bai ga ko ƙwaurinsa ba.

Mainasara ya roƙi Umaru ya sauko da madubin ƙasa kaɗan. Umaru ya ce madubinsa na kai ne, bai saba da ƙafar tsuntsu ba. Dole ya koma aron ɗan madubin kwalliyar Barakatu, yana duba ƙafar gunduwa-gunduwa kamar mai sayen nama. Hujjar gaske ta zo ranar da ya sunkuya ɗaukar gatari, wandonsa ya yage tun daga cinya har gwiwa. Ya shigo gida yana dariya, yana nuna yagar kamar lambar yabo.

Gasa ta zagayo. Bebeji, ranar kasuwa, bayan gingimarin nan dai, da gajeren alƙalin nan mai usur. Mainasara ya sha man gyaɗa, ya hau, ya kama mazugin wando zai kwance. Sai ya dubi layin gaba.

Baba Idi ne zaune kan benci, da rawaninsa da sandarsa, da igiyar tunkiyar da ya zo sayarwa a hannu. Kusa da shi Umaru, yana yi masa fifita da hula, haƙora duk a waje. Shi ya tsinto tsohon a kasuwar dabbobi, ya ce masa ana karrama surukinsa a fili, bai kamata a yi babu shi ba.

Hannun Mainasara ya daskare a kan mazugi. In ya tuɓe, ya tsaya tsirara-tsirara gaban uban matarsa. In ya sauka, shi ne Zalɓe har kabari, ga ƙasar gari guda da ya taka a banza.

"Malam, muna jira," in ji alƙali.

"Zalɓe, ko fiffike za ka buɗe?" Umaru ya ɗaga murya.

Mainasara ya runtse ido ya saki wando. Baba Idi, da sai yanzu ya gane irin karramawar, ya ja rawani ya rufe fuska har goshi, ya juya kai wajen tunkiyarsa. Amma jiki ya riga ya saba. Suruki na gabanka, ba a tsaye ake ba. Kafin Mainasara ya yi tunani, gwiwoyinsa sun lanƙwashe, ya tsuguna a bakin dandamali.

"Baba, ina wuni."

Dattijo ba ya ƙin amsa gaisuwa, ko daga ina ta fito. Daga cikin rawani murya ta ce, "Lafiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baba."

Ya yunƙura zai miƙe, ya kai rabi, sai muryar ta ce, "Ya mutanen gidan?" Ya koma ƙasa. "Suna lafiya, Baba." Ya sake tasowa. "Ya aiki?" Ya koma. "Da godiya." Tsohon, saboda kunya, ya rasa yadda zai tsayar da gaisuwar, sai ya yi ta jero ta: ya zafi, ya hanya, ya kajin nan, ya muka ji da tsadar gero. Mainasara yana sama yana ƙasa, a hankali, cikin ladabi, hannu a ƙirji. Duk saukowa cinyoyin su rabe gida-gida, duk tasowa sha-raɓar ta kumburo kamar tulun da Barakatu ta faɗa, man gyaɗa na sheƙi a kai. Filin ya rikice da ihu. Alƙalin ya saki usur ya durƙusa yana leƙen ƙafafun ta gefe, yana ce wa abokan aikinsa ko a Kano bai taɓa ganin wannan salon ba.

Daga ƙarshe Baba Idi ya ce, "Katangar nan ta yi kyau. Allah ya yi albarka." Ya ja tunkiyarsa ya bar filin, bai waiwayo ba.

Da aka zo faɗin sakamako, ɗan garuwan Kiru ya sake zuwa na ɗaya, don shi ko'ina nasa daidai yake kamar an auna. Mainasara ya zo na biyu, aka ba shi bokitin roba da sabulu. Alƙalin ya riƙe hannunsa ya ce wa jama'a a bara mutumin nan rabinsa ya zo, bana ya zo gaba ɗaya. Sai dai ya koma wa gatari, don kafaɗar ta fara ja baya.

A bas Umaru ya yi ta leƙen fadama, amma ba wanda ya taya shi. Mai shayi ne ya fara kiran Mainasara da sabon suna, washegari da safe: "Gaida-Baba, da madara ko baƙi?" Mainasara ya juya sunan a baki, ya ga ba tsuntsu a ciki, ya ce a sa madara.

Baba Idi bai taɓa tayar da zancen ba har ya bar duniya. Illa dai bayan kwana biyu ya aiko wa 'yarsa da yadi mai kauri, ya ce a ɗinka wa maigidanta wando, a yi shi da tsawo. A gasar shekara ta gaba kuwa, samari uku ne suka hau gingimari suka tsuguna suna gaida iska, ɗaya ma har da surukin aro ya zo. Ba wanda ya kai ko na biyar. Mainasara yana ƙasa cikin 'yan kallo, da sabon wandonsa har idon sawu, yana gaya wa na kusa da shi cewa yaran ba su da laifi, kunyar ce ba ta kama su da gaske ba.