Clarrie Nuske da Zomayen Makabartar Tullabri

An haifi Clarrie Nuske a wata gonar alkama da ke yamma da Tullabri, a zamanin da zomaye suka fi mutanen yankin yawa, suka kuma fi su ƙiba. Ya tashi ƙato mai faɗin kafaɗa. Sana'arsa askin tumaki, daga wannan rumfa zuwa waccan, idan lokacin aski ya wuce kuma sai ya saɓi babbar bindigarsa ya shiga daji neman aladu. A wurinsa, namiji ba ya harbin abin da bai kai gwiwarsa tsawo ba. Zomo, in ji shi, aikin mata ne da yara.

Matarsa Dulcie ba ta taɓa yi masa musu ba. Tana da wata 'yar bindiga da mahaifinta ya saya mata tun tana makaranta, irin wadda ake ƙera wa yara: ƙotarta gajera, harsashi ɗaya take ci, ba ta fi tsintsiya mai sanda nauyi ba, ƙararta kamar an karya busasshen kara. Da ita Dulcie ta tsare lambun kabejinta, da ita ta cika tukunya a shekarun fari. Clarrie yakan cinye naman ya suɗe kwano, sannan ya kira bindigar abin wasa.

Ranar da aka binne Dulcie bai zubar da hawaye ba, mutane kuma suka yaba. Mazan Tullabri ba sa shiga makabarta sai ɗauke da gawa, ko kuwa su ne gawar. Kai furanni, da cire ciyawa, da tsayawa ana yi wa dutsen kabari magana, duk na mata ne. Clarrie ya san wannan sarai, domin yana cikin waɗanda suka fi faɗinsa da ƙarfi a mashaya. Saboda haka ya zauna a barandarsa yana kallon hanyar da ta hau tudun yashin da makabartar take, ba shi da wani dalili na bin ta da zai iya faɗa a gaban maza.

Zomaye ne suka kawo masa dalilin. Yashin tudun yana da daɗin haƙa, suka cika shi da ramuka har duwatsun kaburbura suka fara sunkuyawa. Merle Hausler, tsohuwar malamar makaranta da ke shugabantar kwamitin makabarta, ta tsayar da motarta a ƙofar gidansa.

"Clarrie, dutsen Dulcie ya fara karkata. Mai harbi muke nema."

"Zomo? Ni? Haba Merle, yara sun ƙare a garin nan ne?"

"Sun ƙare, duk suna birni. Kuma kada ka kawo mana wannan igwar taka ka farfasa wa mutane iyayensu. Ta Dulcie za ka ɗauka."

Ya ja tsaki, ya ce zai duba in ya sami sarari. Kafin motarta ta sha kwana ya riga ya ɗauko bindigar yana shafa mata mai.

Ƙotar ta yi masa gajarta ƙwarai, ba ya iya saita ta a tsaye, dole sai ya kwanta rub da ciki. Wurin da ya fi dacewa da kwanciyar kuwa, inda ake hango bakin ramukan duka, shi ne filin kabarin da aka keɓe masa tun tuni a gefen Dulcie. Nan abokinsa Noel ya hango shi wata la'asar yana wucewa a mota, ya taka birki ya leƙo ta taga.

"Kai tsoho! Gwada wurin kake yi? Ya yi maka daidai ko a ƙara tsawo?"

"Wuce, ɗan banza, kana kore mini nama."

"Da wannan abin? Ka jefe su da shi mana, zai fi sauri!"

Amma hannun Clarrie bai manta aikinsa ba. Kowace yamma yakan sauko da zomaye a rataye, duk harbin kai, ya bi gidajen gwauraye yana rabawa. Tsakanin harbi da harbi akwai dogon jira, a cikin jiran nan ne ya riƙa gaya wa dutsen gefensa, ƙasa-ƙasa, cewa tankin ruwa yana yoyo, cewa 'yarsu ta kira daga birni, cewa har yanzu bai gane inda ta ajiye murfin babbar tukunya ba. Wata mata da ta kawo furanni ta taɓa jin muryarsa ta waiwaya. Ya ce da zomaye yake, zaginsu yake yi.

Ana nan sai wata yamma ya kwanta har rana ta kusa faɗuwa, kunnuwa biyu kawai suka leƙo daga rami. Ya saita, ya ɗora yatsa a kan kunama, sannan ya fahimci abin da ƙwarewarsa ke shirin yi masa: in wannan ya faɗi, gobe ba shi da abin da zai hawo da shi tudun. Ya ɗaga bakin bindigar kaɗan ya harbi iska.

Daga ranar ya zama mai kuskure. Zomaye kuwa ba sa jiran a roƙe su kafin su hayayyafa. A mashaya aka fara cewa idon Clarrie ya tafi, Noel ya ce a haɗa masa da tabarau ko a ɗaure masa zomon a turke. Sunan da ya yi shekara da shekaru yana ginawa ya riƙa zubewa a gabansa, alhali kalma ɗaya ta gaskiya ko harsashi ɗaya na gaskiya zai tsayar da shi. Ya haɗiye, ya ce iskar tudun ce ba ta da kirki.

Kwamiti ya tausaya masa, kuma tausayin ne ya gama da shi. Suka ɗauko wani mutum daga nesa ya hura hayaƙin guba a ramukan, suka kewaye makabartar da ragar waya wadda aka binne gindinta a ƙasa. A zauren gari aka yi wa Clarrie godiya da shayi da kek. Ya koma barandarsa, ba suna, ba zomo.

Bayan 'yan makonni Merle ta sake tsayawa a ƙofarsa, riƙe da guntun raga mai kusurwa huɗu.

"Clarrie, kai ka san halinsu. Zomo yana yanka waya haka, a miƙe kamar an auna?"

Ya karɓa ya jujjuya shi da natsuwar masani. "Na Tullabri suna yi. Haƙoransu ba irin na sauran ba ne."

"In muka ɗinke fa?"

"Za su sake."

Ta karɓe guntun ragar, ta riga ta san mai haƙoran da suka yanka ta. Mijinta Ron ma a tudun yake kwance, kuma kowace Lahadi takan je ta zauna da shi ba tare da ta nemi izinin kowa ba.

"Ke nan sai an sa mai tsaro kullum," in ji ta.

"Kullum. Ba don ina so ba."

"To ka ji ni da kyau, Clarrie Nuske. Ranar da dutsen Ron ya karkata, ni da kai ne. Ka riƙa samun wasu."

"Wasu," ya ce. "Ba duka ba. Ido ya tsufa."

Haka aka zauna. Duwatsun sun tsaya a miƙe, zomayen ba su ƙare ba. Mutanen Tullabri suna cewa idon Clarrie wata rana yana gani wata rana ba ya gani, har Noel ya matsa masa ya je asibiti a duba. Likitar ta haska idon, ta gwada shi da manya da ƙananan haruffa, ta ce ba ta ga komai ba. Clarrie ya gaya wa mutanen mashaya cewa likitocin yanzu ba su san aikinsu ba.