Sista Kulu, Wadda Ta Tsayar da Askar Wanzami

Ina shanya wanki ranar Talata da hantsi ɗiyar Sista Kulu ta kira ni ta ce mahaifiyarta ta cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekarunta sun ja, ta kuma daɗe tana jinya, amma sai da na nemi wuri na zauna.

A hannunta na koyi aikin jinya, a wani ƙaramin asibiti a Boɗinga, zamanin mulkin farar hula na biyu, lokacin da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu, magani ya yi wuyar samu. Ba mace ce mai yawan fara'a ba. Kafin ta tambayi mara lafiya komai sai ta kama wuyan hannunsa tana duban agogonta. Takan ce, "Baki na jin kunya, jijiya ba ta ji."

Muna da mata kaɗan masu ciwon maƙoƙo, irin wanda ke sa zuciya gudu, hannu ya riƙa rawa, mace tana ci tana ramewa. Likita a Sakkwato ke rubuta musu ƙwaya, mu kuma mu auna nauyinsu da bugun zuciyarsu duk wata. Sista ta sha gaya mana cewa jefi-jefi ƙwayar nan tana rage wa jini ƙarfin yaƙi da cuta. Duk mai shan ta da ta zo da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, a dakatar da maganin, a tura ta gwajin jini ranar. Na ji, har ma na rubuta a littafina.

Wata rana Sista ta tafi neman magani, sai ga Ige, ɗaya daga cikin matan nan, daga Mandera. Jikinta zafi, haɗiyar yawu na yi mata wuya. Layi ya yi tsawo, ban buɗe katinta ba. Na ba ta maganin zazzaɓi, na ce ta riƙa kurkure baki da ruwan gishiri.

Washegari Sista ta ga sunan a rajista. "Mi kinka ba ta?" Na faɗa mata. Ta ɗauki mayafinta. "Taso. Can in wuya ya yi ciwo, wanzami aka kira."

Muka hau mota zuwa Shagari, daga nan muka nemi babur zuwa Mandera. Mun tarar wanzami ya riga ya shimfiɗa kayansa, mata biyu na riƙe da Ige, za a cire mata belu, ɗan naman nan da ke reto a maƙogwaro. Jinin da ba shi da ƙarfi, in aka yi masa rauni a nan, ajali ne.

Sista ba ta ɗaga murya ba. Durƙusawa ta yi ta gaishe shi. "Sarkin aska, Allah shi ba ka nasara. Ba raina aikinka munka yi ba. Amma maccen ga tana shan wani magani, in ka yanka, wurin ba ya warkewa."

"Belu ne, Hajiya, na gane shi da idona."

"Na yarda ka gani. Ka bar mani ita dai, don Allah."

Sai ya naɗe kayansa. "Tahi da ita. Ba ni son a ce hannuna ya kashe ɗiyar mutane."

Gwajin jini a Sakkwato ya tabbatar da maganar Sista. Ige ta yi makonni a kwance kafin ta tashi. Da likita ya tambaya wa ya sallame ta gida, Sista ta ce ita ce babba a wurin, ita za a tambaya. Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta sake tayar mini da maganar ba, ko cikin raha.

A zaman makoki Ige ta zo, jikokinta na biye da ita. Ta riƙe hannuna tana yi mini godiya don na raka Sista ranar. Kunya ta rufe ni. To bari in faɗa a nan: ni ce na sallame ta.

Ya Allah, ka jiƙan Sista Kulu, ka haskaka kabarinta, ka ba 'ya'yanta da jikokinta haƙurin rashinta, ka albarkaci bayanta. Ta rufa mini asiri tun ina yarinya har na yi furfura. Ya Allah, ka rufa mata nata ranar da babu mai rufawa sai kai. Amin.