Taliyar da aka wanke a famfo

Na leƙa kicin ɗinmu na unguwar Hor Al Anz a Dubai, sai ga Alhaji Sule, abokin zamana, yana wanke soyayyiyar taliyar 'yan China a famfo kamar mai wankin safa.

Na ce, "Alhaji, lafiya?"

Ya ce, "Likita ya ce in ban rage mai ba, hawan jini zai mayar da ni gida Najeriya."

Na ce, "Ai suna da turararren kifi da ganye."

Ya ce, "Ganye? Haba Malam, akuya ka mayar da ni?"

Da ya ɗanɗana ya ji lami, sai ya ɗauko man shanun da aka aiko masa daga Kano, ya malala. Wai wannan jikinsa ya san shi.

Jama'a, ku taya ni: ashe shi ma mai akwai ɗan gida da baƙo?