Haƙorin Alhaji a Ƙasar Masu Tono

Alhaji ya rasu a Masar. Ciwon ƙoda ne ya kai shi can, babban ɗanmu ya raka shi, ni kuwa aka bar ni a gida ina shanya kuɓewa don ya dawo ya sha miya. Bai dawo ba. A can aka yi masa sutura, aka binne shi a wata maƙabarta a bayan birnin Alƙahira wadda ko a hoto ban taɓa gani ba. Na yi takaba na fita, amma kukan bai bar ni ba. In na ga butarsa sai kuka. In mai rake ya wuce ƙofar gida sai kuka, don Alhaji mutum ne mai son rake. Da abin ya ishi yara sai suka yanke shawarar a kai ni wurin autata a Kuala Lumpur, wai in sha wata iska.

Gidansu yana unguwar Titiwangsa, can saman wani bene, inda in ka leƙa taga za ka ga tafki da mutane suna gudu a bakinsa ba wanda ya kore su. Kullum da la'asar sai an yi ruwa da tsawa. Ni da ruwan muka riƙa yi tare.

A barandar gidan na tarar da duwatsu jere cikin robobi, an jiƙa su da ruwa. Na ce, "Auta, na niƙa ne? Ai sun yi ƙanana."

Ta ce, "Inna, karatuna ke nan. Kada ki taɓa."

Ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Wai a kudancin Masar akwai manyan gidajen bauta na mutanen Fir'auna, na dutse, sun yi shekaru dubbai a tsaye. Yanzu ruwan ƙasa yana hawa cikin dutsen da gishiri, gishirin ya bushe ya ci bangon, zanen da ke jiki ya riƙa zuba kamar gari. Ita aikinta ta gano irin yumɓun da za a shafa wa bango ya tsotse gishirin. Ta zuba wa dutse gishiri da hannunta a Malesiya, sannan ta zauna tana neman yadda za ta cire shi, gwamnati kuma ta ɗauki nauyinta. Kalma ɗaya na riƙe a cikin bayanin nan, Masar.

Tun daga ranar, kowace safiya in mun gama shan shayi sai in ce, "Auta, me ake ciki a garin babanku?"

Ta gaji da faɗa mini cewa inda aka binne shi da inda gidajen bautar suke tafiya ce mai nisa. Ni dai Masar Masar ce. Akwai wani shafi a wayarta da ake rubuta wa baƙi masu zuwa kallo labarin garin da gidajen bautar suke, shi take karanta mini tana juyawa da Hausa. An buɗe sabuwar hanya ta masu keken guragu. An rufe wani zaure don ana goge masa baƙin hayaƙi da kashin tsuntsaye. Zafi ya yi yawa, baƙi su fito da sassafe su riƙe ruwa. In ta ce zafi sai in yi kuka, don Alhaji ba ya son zafi. In ta ce an yi sanyi sai in yi kuka, don bai tafi da bargo ba. Ta nuna mini hoton wani rufi da aka goge, shuɗi shar da taurari rawaya, da mutane masu kan tsuntsu a tsaye a jere. Na ce Allah ya kyauta, amma mai fentin ya iya.

Wata safiya tana karantawa sai ta ce, "Kai, Inna, ji wannan. Masu tono sun samu wani mutumin da, an naɗe shi da ƙyalle, da zinariya a cikin bakinsa. Za a kai shi gidan kallo."

Na ajiye kofi. Na ce, "A cikin me?"

"A bakinsa."

"Su wa suka buɗe masa baki?"

"Masu bincike mana."

"Su kai shi ina?"

"A sa shi a akwatin gilashi, baƙi su zo su gani."

Sai na tuna. Alhaji yana da haƙorin Makka. Tun hajjinsa na fari ya sa shi, a sama, gefen dama, in ya yi dariya sai ya haska. Ashe yaran nan ba su samu inda za su ajiye mutum mai zinariya a baki ba sai ƙasar da sana'arta ke nan, buɗe bakin matattu.

Auta ta ce waɗancan mutanen da ne, babanta kuwa na jiya ne. Na ce su ma lokacin da aka binne su ai na jiya ne. Ta ce wurin da nisa. Na ce masu shebur ɗin ba su da mota? Na sa ta kira mini yayanta a gida. Na ce masa, "Kai, da za ku sa babanku, kun cire haƙorin?"

Ya ce, "Inna, wa zai sa hannu a bakin Baba?"

Na ce, "Kai ka ji kunya, su ba za su ji ba."

Abinci ya daina shiga. Ina rufe ido sai in ga Alhaji a kwance cikin gilashi, ba hula, Turawa da gajeren wando suna ɗaukarsa hoto, ana ce wa yara kada su jingina. Mutumin da ko a tsakar gidansa ba ya zama ba riga.

Surukina, mijin Auta, mutum ne mai ladabi, ya yi Larabci a makarantar Islamiyya. Da ya ga na rame sai ya ce su kai ni Bukit Bintang, unguwar da Larabawa ke da gidajen abinci, ko zan ci wani abu. Muka hau jirgin nan da ke tafiya a kan sanda ɗaya a sama, na riƙe Auta da hannu biyu. Muna zama, wani Balarabe mai gemu ya kawo gurasa. Ni ba na yi wa suruki magana kai tsaye, don haka na ce wa Auta, "Ce masa ya ce wa wannan, in ya koma gida ya faɗa wa mutanensu akwai wani Bahaushe dogo, kada a taɓa shi." Auta ta faɗa wa mijinta, ko da yake yana jina, don gwiwarsa ma tana kusa da tawa. Shi kuma ya juya da Larabci. Balaraben ya saurara har ƙarshe, ya dafa ƙirji, ya yi magana.

Na ce, "Ya yarda?"

Auta ta ce, "Inna, ɗan Yaman ne. Bai taɓa zuwa Masar ba. Ya ce ko a ƙaro miki gurasa."

Na yi kuka a kan shinkafarsu har aka ɗaure mana ita a leda muka dawo.

Auta ce ta kawo dabara. Ta ce akwai wani dattijo, shugaban ma'aikatan da ke gyaran bangon da take karatu a kansa, sukan yi waya ta hoto ya nuna mata inda gishiri ya fito. Ta ce gobe in ta kira shi zan yi masa magana da kaina, in ji daga bakin ɗan ƙasa. Na sa mayafina mai kyau. Na sa kwalli, kukan ya wanke shi kafin a ɗaga wayar.

Mu nan azahar ta wuce, su can hantsi ne. Dattijon yana tsaye a kan wasu ƙarafa da aka haɗa har kusa da rufi, da doguwar riga da rawani, a hannunsa ɗan tsinke da auduga a baki, irin na goge kunne. Da wannan yake wanke gini mai girman kasuwa. A bayansa, a zanen jikin bango, wani mai kan kare yana miƙa wa wani mai doguwar hula tulu. Muka gaisa ta hanyarmu, ni zuwa Auta, Auta zuwa mijinta, mijinta zuwa waya. Na tambayi iyali, na tambayi aiki, na tambayi zafi. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

Dattijon ya ce, ta bakin surukina, su bango suke gyarawa, ba sa tono kowa. Masu tono suna tsallaken kogi.

Na ce, "To a ba ni su."

Ya yi dariya. Ya ce, "Ya Hajja, kwantar da hankalinki. Kabarin Musulmi ba mai taɓawa. Mahaifina ma yana nan kwance a bayan ƙauyenmu, ba wanda ya ce masa tashi." Da ya tsaya nan da shi ke nan. Sai ya ƙara wata magana yana kaɗa tsinkensa, surukina kuwa da gaskiyarsa ya juyo ta kamar yadda take: "Ya ce kuma ko an tono shi me za a gani? Mutum ne kamar kowa, ba sarki ba. Ba baƙon da zai bi layi don ya kalle shi."

Na ga Auta ta mintsini mijinta. Ta makara.

Ban san lokacin da na karɓe wayar ba. Ban bi ta kan Auta ba, na dubi surukina ido da ido, abin da ban taɓa yi ba tun da aka ɗaura aure, na ce, "Faɗa masa, kuma kada ka rage ko ɗaya."

Na ce, sarakunan nasu ai na gan su a hoto, a bushe kamar kilishi, wani ba hanci, wani ba kunne. Alhaji in zai shiga ɗaki sai ya sunkuya. Ya yi shekarunsa yana awon hatsi a kasuwa, ba a taɓa dawo masa da mudu an ce bai cika ba. Da furfurarsa yake fasa rake da haƙori, jikoki suna tafi. Ranar da mahauta biyu suka zaro wuƙaƙe a kan wata akuya, shi ya shiga tsakani da buhu a kafaɗa, bai ko sauke ba. A cikin masu kan tsuntsun nan wane ne ya taɓa yin haka? Na ce shekarar da na yi ciwon ƙafa, shi ya riƙa ɗebo ruwa da asuba a ɓoye don kada maƙwabta su yi masa dariya, sun kuwa gani, sun yi, bai fasa ba. Na ce in ya yi dariya kaji sukan taso, suna zaton an watsa tsaba. Wannan ban tabbata ba, amma na faɗa.

Ina faɗa ina kuka, surukina yana bina da Larabci yana gumi. Da ya zo kan mudu ya rasa kalmar, ya kwatanta da hannu. Da ya zo kan kaji ya dubi Auta, ta ce masa, "Faɗa kawai." Can cikin wayar na ga samarin da ke aiki sun ajiye audugarsu sun matso, kawuna sun cika gilashin. Wasu baƙi masu hular rana a ƙasa suka ɗaga kai suna kallon sama, ga alama sun zaci bayanin ginin ake yi.

Da na tsaya jan numfashi, dattijon ya goge ido da gefen rawaninsa. Ya yi magana a hankali.

Surukina ya ce, "Inna, ya ce ki yafe masa, bai san shi ba ne. Ya ce wallahi irin wannan mutum, da za a fito da shi, layi sai ya kai bakin kogi."

Na ce, "Ya yarda ke nan ya isa a kalle shi?"

"Ya yarda."

"Ya fi na cikin gilashin?"

Aka tambaya. "Ya ce nesa ba kusa ba."

Na ce, "Madalla. To kada a taɓa shi."

Dattijon ya maƙala tsinken a kunne, ya dafa ƙirji, ya rantse. Sannan ya ce wa yaransa su ɗaga hannu. A kan ƙarafan nan, ƙarƙashin shuɗin rufin nan, suka karanta wa Alhaji Fatiha, mu ma muka karanta a falo, ruwan la'asar yana dukan taga. Shi ne karo na farko da na ga mutanen ƙasar da yake kwance suna yi masa addu'a da idona. Na shafa, na yi kuka mai yawa, ba wanda ya ce in yi haƙuri.

Kafin a kashe na ce a tuna masa da na tsallaken kogi, tunda su ne masu shebur. Ya ce in bar masa wannan, ƙanin matarsa yana cikinsu, yau da yamma in an tashi aiki zai hau jirgin ruwa ya same shi. Ya tambayi sunan maƙabartar don ya faɗa musu daidai inda za su kauce wa.

Surukina ya buɗe baki zai faɗa. Na ɗaga masa hannu.

Na ce, "Ce masa su kauce wa duka. Kuma a gaida ƙanin matar tasa."